Wasan taubashi a kan dutsen Maroko

Shekara shida ke nan, tun shekarar da Najeriya ta rufe iyaka har shinkafa ta gagari talaka a kasuwar Dogon Dutsi, ƙanena Haruna ya tafi Maroko hawan duwatsu bai dawo ba. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka makwancinsa. Ni da ajami na saba, sai da na nemi mai juya mini wannan rubutu zuwa boko don ya isa gare ku.

Haruna mushen lakkwal ne, wato malamin makaranta, yana koyar da wasannin motsa jiki. Shi da waɗansu ma'aikata sukan hau dutsen garinmu kowace Lahadi, har suka ƙulla tafiya inda duwatsu ke da ƙanƙara. Cikinsu akwai Isufu, ɗan kawunmu, wato taubashinsa. Kun san al'adarmu: abin da taubashi ya faɗa maka wasa ne, ba a fushi, ba a kuma ɗaukarsa da gaske.

Da suka dawo ba shi, suka ce ajali ne, an yi masa sutura a wani ƙauye a gindin dutsen. Ajali gaskiya ne, ban taɓa musu ba. Amma daga baya wani cikinsu ya nuna mini hoton bidiyo a wayarsa. Ga Haruna zaune kan dutse, ya dafe kai, ya yi amai, leɓensa ya sauya launi. Jagoransu, wani Balarabe, yana nuna hanyar sauka, don iskar can sama ba ta isar huhun wanda bai saba ba. Sai muryar Isufu: "Ku dubo bawana! Haihwahhen Dutsi, dutsi ya kas shi! Bari in kira Inna ta zo ta goya ka." Kowa ya yi dariya. Haruna ma ya yi, ya miƙe ya bi su sama. Da baƙo ne ya faɗa masa haka, da ya sauka abinsa. Gaban taubashi ba a cewa an gaji.

Yau samari sun cika dutsenmu ran Lahadi da takalma masu tsada, kowa na ɗaukar hoton kansa. Na san Haruna zai yi murna da yawansu. Ban san abin da zai ce ba in ya ji abokan tafiyarsa har yanzu suna ba da labarin ƙanƙara a majalisa, suna tsallake sunansa.

Abin da ya fi ci mini rai Inna ce, mahaifiyarmu. Idonta ya mutu, ƙarfinta ya ƙare, tambayarta ɗaya ce: "Ya yi ƙorafin wani ciwo kahin ya cika?" Ba ni na gani ba, ba kuma zan kai ƙarar ɗan ƙanenta gabanta ba. Isufu kuwa ko a jana'iza muka haɗu sai ya sauya sahu. Na ji tsoron ta tafi da tambayarta.

Bana, bayan an yanke hatsi, Isufu ya yi sallama a gidanmu. Ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya durƙusa gaban Inna, ya faɗi komai, har maganar goyon.

Inna ta saurare shi har ya gama. Can ta ce, "Ya yi dariya?"

"Ya yi, Gwaggo."

"To shi ne. Ɗana ke nan." Ta lalubo kansa ta dafa. "Na yahe maka, Isuhu. Amma ɗiyanka da ɗiyan Haruna, kada in ji wasa tsakaninsu. A gaisa kawai."

Na raka shi bakin ƙofa, na ba shi hannu, karo na farko tun rasuwar. Babu wanda ya yi wa wani ba'a.

Abin da ya rage na Haruna shi ne ƴarsa da ke kwaleji, da ɗaliban da ya koya wa gudu, da gida biyu na jini ɗaya da yanzu ke gaisawa kamar maƙwabta.