Ranar da Bakin Kuramochi Ya Ƙi Faɗa

Shekara talatin ina sayar da taliyar soba a bakin ƙaramar tasharmu ta cikin duwatsu, kuma ban taɓa samun mai ci da yake ba ni haushi kamar Kuramochi Tokuji ba. Da na ajiye masa kwano sai ya miƙa yatsa ya nuna shi, ya ce da ƙarfi, "Taliya, daidai!" kafin ya ɗauki tsinken ci. Haka duk ma'aikatan layin dogo suke yi a bakin aiki, su nuna abu da yatsa su faɗa da baki don kada ido ya yi barci. Sai dai sauran suna barin ɗabi'ar a can, shi kuwa har gida yake kai ta. Matarsa ta rantse mini har lema yake nunawa kafin ya fita.

Aikinsa taka layi. Kullum da safe zai saɓa sandar awo a kafaɗa, ya bi kilomita goma sha biyu a ƙafa, yana ɗora ta tsakanin ƙarafan biyu. Milimita dubu ɗaya da sittin da bakwai, shi ne faɗin layinmu, kuma shi ne kusan duk hirar Kuramochi. In na tsokane shi na ce me milimita ɗaya za ta yi wa jirgi guda, sai ya kalle ni kamar na zagi mahaifiyarsa.

Abin alfaharinsa ɗaya ne a duniya: shekara talatin da takwas, jirgi bai taɓa makara ko da minti ɗaya a yankinsa ba. Saura wata biyu ya yi ritaya, an ma ce za a ba shi takardar yabo a kan haka. Har ya buga ƙusar da zai rataye ta.

Ranar farko ta Obon, lokacin da kowa yake komawa gida ziyarar kaburburan iyaye, ina jiran jirgin tsakar rana da 'yata Chizuru a ciki, ɗauke da jaririnta da ban taɓa gani ba. Lokaci ya yi, shiru. Can aka ce Kuramochi ya tsaya tsakiyar layi da jar tuta, gab da kwanar da ke saman kogi. Na kashe wuta na bi Nagumo, shugaban tasha, muna gudu cikin rana.

Mun tarar da jirgin a tsaye, kawuna sun cika tagogi. Nagumo ya fizge sandar ya ɗora da kansa. Dubu ɗaya da sittin da bakwai cif. Ya matsa gaba ya sake, haka. Ni kaina kunya ta kama ni, na ce a raina tsufa ya cim ma bawan Allah.

"Kuramochi-san, sandarka ce fa," in ji Nagumo, yana haɗa masa da "san" ɗin girmamawa. "Me kuma kake so ta ce?"

Kuramochi ya rusuna sosai, amma bai matsa ko taku ɗaya ba. Ya ce shi ma haka ta nuna masa. "Na ɗora, na nuna da yatsa, na buɗe baki in ce daidai, bakin ya ƙi. Sau uku ina gwadawa. Ni kuwa ba na wuce wurin da ban faɗa ba."

Nagumo ya tuna masa takardar, ya ce in aka bincika ba a ga komai ba ta tafi kenan. Kuramochi ya ce ya sani. Roƙonsa kawai a sa doguwar sandar ƙarfe a tura ƙarfen layin da ke gefen waje na kwanar. Direba da Nagumo suka danna tare, ina kallo da idona ƙarfen nan ya gusa, faɗin yatsa uku. Katakan da ke ƙasa sun ruɓe ta ciki, samansu garau, ƙusoshin da ke kafe layin a tsaye kawai ba sa riƙe komai. Na leƙa kogin da ke can ƙasa, na zauna a kan tsakuwa.

Daga baya masu bincike suka ce akwai ɗan garin tsatsa a gindin ƙusoshin, shi idonsa ya gani tun shi bai san ya gani ba. To, su suka sani. Ni dai tun ranar tsoron tsohon nan nake ji, irin tsoron da mutum yake ji a gindin babban dutse.

Da aka saukar da mutane, Kuramochi ya cire hula ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana rusunawa. Da ya iso kan Chizuru, na riga na karɓi jikana ina kuka, sai na ji yana cewa, "Ki gafarce ni, 'yata. Na ɓata miki lokaci."

An yi masa wata takardar, ta ceton rai, bai rataye ta ba. Ƙusar tana nan haka a bango, don ya ce ta takardar rashin makara ce, jirgi kuwa ya makara a yankinsa, kuma ba za a rubuta ƙarya a gidansa ba.