Volt Ashirin da Huɗu Ranar da Mma Ta Rasu

Mma, mahaifiyata, ta rasu bayan sallar asuba, a ranar da wutar lantarki ta kwana ba ta dawo unguwarmu Maamobi ba. Ni a unguwar Kotobabi nake haya, a waya aka gaya mini. Kafin in iso mata sun cika ɗakin, an lulluɓe ta da zane. Ƙanwarta, wadda muke kira Anti, ta tare ni a ƙofa ta ce in bari sai an yi mata wanka tukuna. Na ce to. Ya kamata in ce na yi kuka, amma ban yi ba. Na zauna a benci a tsakar gida, mutane suna miƙo mini hannu ina amsawa, kaina kuwa yana lissafin awa nawa batiran da ke kan bene suka yi ba caji. Sha uku na samu.

Sana'ata ke nan. Ina ɗauko intanet daga wata hasumiya a Kanda, in sauke shi a kan benen wani Alhaji mai hawa uku, daga nan in rarraba wa gidaje da shaguna. Na'urorin da ke aikawa da karɓa rediyo muke ce musu, ko da yake ba su taɓa karanta wa kowa labarai ba. Fararen faranti ne ɗaure a jikin ƙarfe. Volt ashirin da huɗu suke ci, ba sa son ƙari, ba sa son ragi. Batir kuwa ba shi da wannan tarbiyyar, in ya ƙoshi ya haura ashirin da bakwai, in ya ji yunwa ya gangaro ashirin da biyu. Shi ya sa ake sa regileta a tsakaninsu, wani ɗan allo da bai kai tafin hannu ba, da ɗan sukuru a jikinsa, don ta riƙe wutar wuri ɗaya.

Tawa regiletar ta gaji. In ta ɗau zafi sai ta riƙa zamewa ƙasa, rediyo ya mutu, ya ɗauki minti uku kafin ya farfaɗo. Na san da wannan tun kafin azumi. Kullum gobe nake cewa.

Ƙanwata tana aikatau a ƙasar Larabawa, a gidan wata mata da take kira Madam, shekara huɗu ba ta taka gida ba. Gidanmu yana can cikin lungu, kwano kan kwano, sabis ɗin waya ba ya shiga sai mutum ya fito bakin kwata. Saboda ita na ɗora ɗan faranti a kan rufinmu, na sa akwatin wayfai mai ɗan batirinsa a bakin ƙofar Mma, don su riƙa ganin juna ranar Juma'a.

Wajen ƙarfe takwas ta kira ni, tana magana ƙasa ƙasa.

"Yaya, Madam ba ya yarda in riƙe waya. Sai ya kwanta bayan abinci. Ƙarfe sha ɗaya naku. Minti goma kawai zan samu. Ina so in ga fuskan Mma, please."

"Za ki gani," na ce.

Na gaya wa Anti. Ta ce malam ba zai so ba, sannan ta ce ba sai an tambaye shi ba. Za a gama wanka daidai lokacin, za su bar fuskar a buɗe, ita za ta riƙe wayar, daga nan a ɗaure likkafani, domin ana idar da azahar za a yi sallah. Ta ce, "Kai ma sai ka shigo lokacin."

Goma da rabi na hau bene. Ban yi niyyar daɗewa ba, dubawa kawai zan yi in sauko. Na buɗe akwatin ƙarfen, zafi ya bugi fuskata. Na ɗora mita a kan batira, ashirin da biyu da ɗigo shida. Na ɗora a bakin regileta, ashirin da uku da ɗigo ɗaya, yana sauka ina kallo.

Rediyo biyar ne a kan ƙarfen. Na zare wayar uku, na bar mai karɓa daga Kanda da mai fuskantar gidanmu. Ba a yi minti biyu ba waya ta fara kuka. Mai kemis, mai shagon buga takardu, da wani mai aski da bai taɓa kirana don gaisuwa ba.

"Chale, abokina, net ya tafi, mene matsala?"

"Dumso ne, an ɗauke wuta. Yi haƙuri."

Ban gaya masa uwata ta rasu ba. Ban san yadda zan haɗa maganar biyu a baki ɗaya ba.

Na sa sukudireba a kan ɗan sukurun, na juya kwata. Ashirin da huɗu. Na cire hulata na yi wa allon inuwa, na yagi kwali ina yi masa fifita da hannun hagu. Bayan minti ɗaya da ɗan abu ya fara zamewa, na ƙara juyawa kaɗan. Aikin ba ya son gaggawa, in hannu ya zarce sai wuta ta yi yawa, rediyo ya ƙone gaba ɗaya. Daga inda nake ina hango rufin gidanmu da rumfar da aka kafa a bakin lungu, ana jera kujerun roba. Na ga fararen riguna suna ƙaruwa. Na kalle su yadda nake kallon taron wasu mutane in ina cikin trotro, motar haya.

Sha ɗaya da minti huɗu ƙananan fitilun rediyon suka fara ƙiftawa ba tsayawa. Da haka na san ta kira.

Sai ga wayar Kawu, yayan Mma.

"Kana ina? Za a ɗaure. Ka zo ka ga uwarka."

"Ina zuwa, Kawu."

Daga benen zuwa gida tafiyar minti biyar ce, a tsallake babbar kwata, a bi ta bayan masallaci. Regiletar kuwa ba ta yin minti biyu in ba hannu a kanta. In na sauka zan ga Mma, ƙanwata kuma hoton zai tsaya mata, kafin rediyo ya farfaɗo Madam ta tashi. Ban yi wani dogon tunani ba, kuma ba zan ce jarunta ce ba. Hannuna yana kan sukudireba, sai na bar shi a wurin. Kawu ya sake kira sau biyu, ban ɗauka ba.

Minti goma sha biyu fitilun suka yi, sannan suka lafa. Mita bai taɓa sauka ƙasa da ashirin da uku da ɗigo takwas ba. Na mayar da wayoyin mutane, na rufe akwati, na sauko. Ban yi gudu ba.

Na tarar da ita a makara, fara fat, an ɗaure kai da ƙafa. Kawu ya dubi fuskata, ya dubi sukudireban da ke leƙowa daga aljihuna. Muka yi sallah, muka kai ta, na shiga ramin na karɓe ta tare da shi. Ba ta da nauyi. Abin da na ji a ranar duka, gwiwoyina ne suke ciwo saboda durƙuso a kan siminti mai zafi.

Sai ranar Juma'a ƙanwata ta sake samun waya.

"Yaya, na gode. Line ɗin bai yanke ba ko sau ɗaya. Na ji muryan Anti, na ji suna salati. Amma ɗakin duhu ne. Ban ga komai ba, baƙi kawai. Na ji kunya in ce su kawo toci."

Tun da maƙwabcinmu ya ja bango ya toshe tagar, ɗakin Mma ko da tsakar rana sai da ƙwan lantarki. Ni na sa mata ƙwan da hannuna. Safiya guda ina lissafin wutar da ke kan bene, ban tuna da wannan ba.

"Kai da kake nan, gaya mini. Yaya fuskanta yake?"

"Ta yi kyau," na ce.

"Kamar yana barci?"

"E."

Ta yi hamdala, na ji ta sauke numfashi. Ta ce Madam bai tashi ba tukuna, in faɗa mata duka, a hankali, tun daga goshi. Sai na fara, da fuskar da na gani ranar Talata, lokacin da Mma ke mini faɗa don na zo zan tafi ban ci tuwo ba.