Ɗan Darakta a Rumfar Kilishi

Ban taɓa mantawa da ranar Asabar ɗin da bakina ya kusa raba wani saurayi da aikinsa ba. Ku sababbin ma'aikata kuna tsokanata wai in aka je suna sai in zauna gum kamar baƙo, to yau zan gaya muku dalili. Shirun nan koyonsa na yi da girmana. Wanda ya san Lawali a da ya san in na buɗe baki sai an kira salla.

Bari in fara da yadda aikin yake, saboda waɗanda ba su daɗe da zuwa ba. Gwamnati ta ware kuɗi don matasan da suka gama karatu suka rasa abin yi. Mai shago ko mai masana'anta zai buɗe gurbi, mu kuma daga ofishinmu na unguwar Filato a nan Yamai mu tura masa matashi na wata shida. Gwamnati ce ke biyan yaron ɗan abin da zai riƙe kansa kowane wata, mai wurin kuma ya koya masa aiki, da fatan in wa'adi ya cika ya riƙe shi. Shi ne muke kira sitaj. Ni a lokacin jami'in bibiya ne, ina zagayawa a kan moto, wato babur, ina duba rajistar zuwa aiki. Ƙa'idar kuwa ba ta da wasa. Wanda ya yi kwana biyar a jere bai zo ba, ba tare da uzuri ba, an soke takardarsa, kuma sunansa ba ya sake komawa jeri.

Saurayin sunansa Mutari. Yana da lisansi, wato digiri, a fannin sarrafa abinci, amma shekara uku yana zaune a unguwar Lazare, a fada, wato majalisar samarin nan da ake kwana ana tashi a kan butar shayi. Ya yi ta zarya ofishinmu har mai gadi ya daina tambayarsa wurin wa ya zo. Yaro ne mai kunya, in yana magana da kai ƙasa yake kallo.

Sai ga wani Alhaji Illa, mutumin Tawa, mai kilishi a Zongo, ya zo ya buɗe gurbi ɗaya. Yana so ya riƙa rufe kilishinsa cikin leda mai suna da kwanan wata, don matafiya da manyan kantuna, kuma ba shi da wanda ya san wannan harka. Na ɗora takardun Mutari a kan na Alhaji, na ga sun dace kamar tukunya da murfinta. Ranar har gida na je ina yabon kaina. Ko kaɗan ban tsaya na tambayi yaron ɗan gidan wa ne ba.

Wata uku aiki na tafiya lafiya. Duk lokacin da na je, rajista cike take. Mutari ya sa an lulluɓe gadajen shanya da raga saboda ƙuda, ya gyara wani ɗaki ya zama na rufe leda, ya kafa ɗan allo yana nuna wa ma'aikata yadda ake rubuta kwanan wata. Abu ɗaya na lura da shi. Kullum da safe yana zuwa cikin riga mai guga, da takalmi sau-ciki da jakar hannu, sai ya shiga baya ya canza. In zai tashi kuma sai ya yi wanka da sabulu ya fesa turare. Na ce masa, "Kai Mutari, wannan gayu haka, ko surukai ne a hanya?" Ya yi murmushi, ni ma na wuce abina.

Ranar Asabar ɗin aka yi suna a gidan wani abokin aikinmu a Lazare. Muna zaune a ƙarƙashin rumfa, aka gabatar da ni ga wani dattijo mai farin tabarau, aka ce tsohon shugaban makarantar firamare ne daga Damagaram, ya ajiye aiki, kowa Darakta yake ce masa. Da na ji cikakken sunansa sai na tuna na gan shi a takardun Mutari. Daɗi ya kama ni. Na ɗaga murya yadda kowa zai ji, na ce, "Ashe kai ne baban Mutari! Darakta, Allah ya ba ka ɗa. Yau duk Yamai babu kilishin da ya kai wanda yake yi."

Dattijon ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce, "Kilishi?"

A nan ya kamata in kama bakina. Amma ina! Sai da na ƙara da bayanin rumfar Alhaji Illa, da yadda yaron ya iya kwaɓa labu, wato haɗin tunkuza da yajin da ake tsoma naman a ciki. Ina cikin zuba na ga rumfar sunan ta yi tsit. Darakta ya miƙe, ya yi wa mai gida barka, ya fita ko goron suna bai ɗauka ba.

Makwabcina ya raɗa mini, "Ka yi ɓarna." Ashe gidansu Darakta gidan malamai ne da alƙalai tun kakanni. Kun dai san yadda muke. Fawa gado ce, kowa yana cin abin mahauci yana lashe yatsa, amma akwai gidajen da in ɗansu ya kama wuƙa gani suke an zubar da sunan gida. Mutari ya san haka, shi ya sa ya ce wa mahaifinsa a wani kamfanin abinci yake, ɓangaren gwaje-gwaje. Rigar guga da turaren duk na wannan ne.

Litinin Mutari bai zo aiki ba. Talata ma haka, wayarsa a kashe. Laraba da safe na shiga wurin shef ɗinmu, shugabar ofis Madam Zainabu, na faɗa mata komai ban rage ba. Ta kalle ni ta ce, "Lawali, da ma an ce bakinka zai ja mana wata rana. Yau kwana uku. In Juma'a ta wuce bai sa hannu a rajista ba, ni ba ni da ikon ƙara masa ko yini ɗaya."

Daga nan na wuce Lazare. Na same shi a fada, a kan bencin da ya baro wata uku da suka wuce, an miƙa masa kofin shayi yana riƙe da shi bai sha ba. Wallahi ganinsa a wurin ya fi mini zagi ciwo. Na ja shi gefe na ba shi haƙuri.

Ya ce, "Ba laifinka ba ne, Malam Lawali, ni na yi ƙarya. Baba ya ce in zaɓa, ko gidansa ko wuƙa. Ba zan saɓa masa ba." Sannan ya ƙara da cewa, "Akwai ledojin da na bari ban rufe ba. Ka ce wa Alhaji kada a bar su su sha iska."

Wanda ke shirin rasa aiki, amma ledoji ne a ransa. Na hau moto idona ya cika da ƙwalla, na ce ƙura ce, ko da yake ba wanda ya tambaye ni.

Ranar Alhamis Darakta ya zo ofis da kansa, cikin babbar riga, da alƙalami a aljihun gaba. Bai ko kalle ni ba. Ya ce wa Madam ba ya so a ce an kori ɗansa, yana so a janye shi bisa ƙa'ida, a cire sunansa daga duk wata takardar gwamnati da ta haɗa shi da rumfar mahauta. Madam ta ce hakan hakkinsu ne. Amma takardar janyewa mutum uku ke sa mata hannu, yaron da mai wurin da jami'in bibiya, kuma a wurin aikin ake sawa. Ba dabara ta yi masa ba, haka dokar take a rubuce, har ta buɗe shafin ta nuna masa. Mutumin da ya yi shekara talatin yana bin ƙa'ida ba ya musu da shafi. Ya ce, "Bon. Gobe da safe."

Juma'a, kwana na biyar, muka haɗu a Zongo wajen ƙarfe tara. Darakta a gaba, Mutari a bayansa, ni a ƙarshe da takardar janyewa a hannu. Muna shiga ma'aikata suka ɗauka, "Malam Mutari ya dawo!" Dattawa ne masu furfura a cikinsu. Na ga Darakta ya ɗan juya da ya ji an ce Malam. Ya kalli ragar da ke kan gadaje, ya kalli allon, ya tsaya a kansa fiye da ko'ina.

Alhaji Illa ya shimfiɗa tabarma, aka gaisa, na ajiye takardar a tsakiya. Alhaji ya ce zai dangwala, amma a bar shi ya yi magana tukuna.

"Darakta, ka ga ni ma zuwan ɗanka bai zo min da sauƙi ba. Ƙannena sun yi wata guda ba su gaishe ni, wai na nuna ma baƙo sirrin labun gidanmu. Mu ma muna da namu gadon, kuma muna kishinshi kamar yadda kake kishin naka."

Darakta ya ce, "To ka ga mun huta. Kowa ya tsaya a nasa."

"Haka ni ma nac ce, shekarun baya. Babban ɗana yana ɗan shekara bakwai ya fara riƙa min nama ina yanka. Sai ga wani malamin lakwal irinka, ya zo har rumfa da rajista, ya ce sai an ba shi yaron. Na ce ɗan mahauci mi zai yi da boko? Ya ce karatu ba gadon kowa ba ne. Sau huɗu yana dawowa. Ranar da anka tahi da yaron ban ci tuwo ba, na yi shekara ban gai da malamin ba. Yau yaron likita ne, in ya zo nan hanci yake toshewa." Alhaji ya yi dariya, sannan ya nuna Mutari. "Ku kun ɗauke min guda, ban kai ƙara ba. Yanzu gwamnati ta aro min guda daga naku, wata shida kacal, ka zo da takarda."

Na san maganar ta shiga, domin shi kansa Darakta a kan wannan aikin ya tsufa, bin rumfuna da gonaki yana karɓo 'ya'yan mutane. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Sannan ya juya wurin ɗansa.

"Me ya sa ka yi mini ƙarya?"

Mutari ya durƙusa. Ya ce, "Baba, shekara uku ina karɓar kuɗin sabulu a hannun Inna. Na ji tsoron in na faɗa za ka hana, ni kuma na gaji da zama. Ka yafe mini."

Darakta ya miƙo hannu wajena, na ɗauki takardar janyewa na ba shi. Ya ture ta gefe. Ya ce, "Ba wannan ba. Ina rajistar zuwa aiki?"

Aka kawo. Ya buɗe, ya bi da yatsa layi-layi kamar yadda ya saba, ya tsaya a kan gurabe huɗun da ba a cike ba. Ya kalli agogo. Ya ce, "Tara da rabi. Bayan fashin kwana huɗu, yau ma ka makara. A makarantata da tuni kana shara." Ya zaro alƙalamin aljihunsa ya miƙa wa Mutari. "Sa hannu."

Yaron ya karɓa ya rubuta sunansa. Darakta ya miƙe ya gyara riga, ya ce wa Alhaji, "Amma ka sani, aro ne."

Alhaji ya ce, "Ni ma haka nac ce ma malamin. Har yau ba a maido min ba."

A nan ne na fara ganin haƙoran Darakta.

Da wata shida suka cika Alhaji ya riƙe Mutari, yanzu shi ke kula da ɗakin leda, har an tura masa 'yan sitaj biyu yana koya musu. Ba zan ce muku duk dangi sun sauko ba, akwai wani kawunsa a Damagaram da har yanzu yake gunaguni. Madam kuma ta yi wata guda tana kirana gidan rediyo.

Abin da na koya shi ne, mu a ofis takarda muke haɗawa da takarda, alhali kowane yaro da gidansu yake zuwa, mai wurin ma da nasa. Tun daga ranar, kafin in tura kowa ko'ina sai na tambaye shi, "An sani a gida?" In ya sunkuyar da kai, ni da kaina nake zuwa in gai da iyayen kafin a sa hannu. Ba ya cikin ƙa'ida, amma ina roƙonku ku riƙa yi.

Bara aka sake yin suna a gidan abokin nan namu. Ina zaune a gefe, bakina a kulle, sai na ga Darakta ya zaro leda daga aljihun babbar riga, ya yage ta, yana bin mutane ɗaya bayan ɗaya. Yana cewa, "Ku ɗanɗana. Ku duba kwanan wata a baya, rubutun ɗana ne." Da ya iso kaina ya ce, "Kai Lawali, ba ka ce komai ba?"

Na ce, "Darakta, ina tauna."