Sunan da Suwaiba Ba Ta Kira

Duk wanda ya san Ƙauna Zakka a Yelwa ya san ba ta da haƙurin surutu. 'Yar Bogoro ce, shekara tara ta yi tana koyar da yara masu buƙata ta musamman, har wata malamar jami'a mai binciken ɗabi'a ta koya mata aikin da ya zame mata jiki. Aikin kuwa ba wani abu ba ne illa ka zauna ka zuba ido: me ya faru kafin yaro ya yi abin, me ya samu bayan ya yi. Ba magani, ba allura. Wasu iyayen ma cewa suke zaman banza take yi musu a gida.

Haka aka kira ta wani gida a Ƙofar Dumi. Izzuddeen, ɗan shekara biyar, ba ya magana, sai dai ya riƙa buga kansa da bango. Likita ya riga ya faɗa musu ƙiri-ƙiri, in aka ƙara wata guda a haka, idonsa na hagu zai tafi.

Kwana uku tana kan tabarma, filo a hannu tana tare bangon, tana rubutu. A rana ta uku ta gano bakin zaren. Yaron ɗan fari ne, uwarsa Suwaiba kuma tana kunyarsa. Ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa gaban surukarta Hajiya Dudu, ko kallonsa ma sai a sace. Amma da ya buga kai, gum, sai ta manta da kunya ta ruga ta rungume shi. Kai! Ashe da goshinsa yake kiran uwarsa.

Ƙauna ta durƙusa gaban tsohuwar.

"Hajiya, ki gafarce ni. In ya buga kai, ni zan tare, kada kowa ya taso. Amma in yana zaune lafiya, uwarsa ta kira sunansa ta ɗauke shi."

"A gabana?" in ji Hajiya Dudu. "Ke 'yar nan, rashin kunya kika zo koya mana?"

"Idonsa nake ji, Hajiya."

Tsohuwa ta yi tsaki ta kau da kai.

Da aka soma, bugun kan ya fara da ƙaruwa, kamar yadda Ƙauna ta sani, amma sani daban ne da gani. Yaron ya yi ta dukan filo yana ihu yana waiwayen uwarsa. Suwaiba ta miƙe, Ƙauna ta girgiza mata kai. Ƙauna ta ƙara riƙe filon gam, don in ya goce sau ɗaya, ita ce ta makantar da ɗan mutane. Wallahi tsoro ya kama ta sosai.

Can ya gaji, ya zauna dirshan yana haki.

"Yanzu," Ƙauna ta ce a hankali. "Yanzu, Suwaiba, kafin ya koma."

Suwaiba ta dubi surukarta. Yaron ya fara juyawa wajen bango.

"To ki kira shi mana!" Hajiya Dudu ta daka mata tsawa, hawaye a fuskarta. "Ni na hana ki?"

"Izzuddeen," in ji Suwaiba.

Yaron ya tsaya cak. Ya duba ko'ina yana neman mai muryar, don bai taɓa jin sunansa a bakinta ba.