Ƙanƙarar Amman Ba Ta Kai Cinya Ba

Ni mutum ne mai wuyar yarda, kuma haka na taso. In ka ce mini shayi ya huce, sai na kurɓa da kaina. Matar yayana har suna ta laƙaba mini, Askari, wato ɗan sanda, wai ko gaishe ni aka yi sai na tambayi dalili. Ban taɓa jin haushin sunan ba, don ba ƙarya ta yi ba.

A unguwar Mahjar muke zaune a lokacin, cikin shekarun sittin, ni da Inna da matar Yaya. Iyayenmu daga Sudan suka ƙetaro, mu kuwa a Jidda muka buɗe ido. Ina aikin sauke kaya a halaƙa, babbar kasuwar kayan marmari, inda manyan motocin ƙasashen Sham ke zuwa da tuffa da lemo. Yaya direba ne. Ya saɓa da kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a takardun zama, ya bi wani mai mota ɗan Urdun ya yi arewa, ya ce shekara ɗaya zai yi ya dawo. Wasiƙunsa sun yi ta zuwa daga Amman har farkon lokacin sanyi, daga nan suka ɗauke ɗif. Na tambayi direbobi har bakina ya gaji, kowa sai ya ce mini Amman ba ƙauye ba ce.

Wata goma muka yi a haka. Matar Yaya ta zama ita ba mai miji ba, ita ba bazawara ba. Kawunta ya zo daga Makka sau biyu yana cewa a kai magana kotu a raba auren, yarinya ba za ta tsufa tana kallon ƙofa ba. Ta ƙi. Ta ce mijinta bai sake ta ba, kuma ba wanda ya zo ya ce mata ya mutu, don haka tana nan. Duk ranar Juma'a sai ta fito da kayansa daga akwati ta shanya, ta turara, ta mayar.

Wata rana na dawo daga aiki bayan azahar na tarar da gidanmu kamar ana biki. Wani baƙo ne zaune a kan tabarmar Yaya, dogo, siriri, zai yi shekara arba'in. Bahaushe ne kamarmu, amma haihuwar can ƙasar Sham, jikan alhazan da suka zarce arewa ba su dawo ba. Hausarsa irin ta tsofaffi ce, yana yi yana cusa Larabcin Sham. Ya ce umara ta kawo shi, kuma mota ɗaya suke tuƙawa da Yaya. Inna ce ta ba ni labarin tun kafin in cire takalmi: yayanka yana nan lafiya, takardunsa ne suka sami matsala, yana nan tafe. Matar Yaya kuwa sai shiga take tana fita, ta rasa abin da za ta ajiye a gaban mutumin.

Na gaishe shi, na zauna, na ce ina wasiƙa. Ya ce tafiyar ta zo masa ba shiri. Yaya mutum ne da ko kwana biyu zai yi a Madina sai ya rubuto shafi guda. Na ce to ina saƙo. Ya nuna gwangwanin zaitun da sabulu. Yaya ya san Inna ba ta cin zaitun, ko warinsa ba ta so. Tun daga wannan lokaci na sa masa ido.

Kwana uku ya ce zai yi, ya yi mako uku. Muka ba shi ɗakin da ke bakin ƙofa. Ba ya cin abinci sosai, loma huɗu biyar ya tsame hannu. Ya gyara mana ƙyauren da ya shekara yana kuka, ya liƙe tankin ruwa, duk ba wanda ya sa shi. Sau da yawa zai buɗe baki kamar zai yi wa Inna magana, sai ya ɓige da tambayar ƙarfe nawa. In matar Yaya ta gitta, sai ya sunkuyar da kai, in ta ba da baya ya bi ta da kallo. Wannan kallon ne ya fi tsaya mini a rai. Na ce a zuciyata ɗayan biyu ne: ko dai bai taɓa ganin Yaya ba, ya tsinci labarinmu ne a wurin direbobi ya zo cin banza, ko kuwa matar yake so, yana jira a raba auren. Na tsane shi, kuma ban ɓoye ba. Inna ta ja ni gefe ta ce in ji tsoron Allah, mutumin nan ƙanshin ɗanta take ji a jikinsa.

Wata la'asar muna shan shayi Inna ta tambaye shi me ya hana wasiƙa zuwa duk tsawon sanyin nan. Ya ce dusar ƙanƙara ce ta rufe hanyoyi. Mu ƙanƙarar da muka sani ita ce ta sandar nan da ake kawowa a amalanke, a fasa a zuba a ruwan sha. Inna ta ce ya ba ta labari, wai da gaske daga sama take zubowa.

A nan ne kaɗai na ji mutumin ya yi magana ba tuntuɓe. Ya ce ba ta da ƙara, sai dai ka ga duniya tana yin fari, har ka kasa bambance sama da ƙasa. Ya ce a sanyin da ya wuce ta kai masa cinya, ya kuma sa hannu a cinyarsa ya nuna daidai wurin. Ya ce sai ka kama ƙafarka da hannu biyu ka zaro ta, ka jefa gaba, sannan ka koma kan ɗayar. Ya yi tafiya a cikinta tun hantsi har la'asar, yatsunsa suka mutu, bai ga mutum ba, bai ga gida ba. Inna tana ta salati. Ni kuwa na ajiye kofina.

Na ce, "A Amman ɗin?"

Ya dube ni ya ce, "A Amman."

Washegari na fara bincike. A bakin halaƙa akwai wata gahawa inda direbobin arewa ke zama kafin a gama sauke musu kaya. Na riƙa bin su ɗaya ɗaya, in sai wa mutum shayi, in tambaye shi ina ƙanƙarar bara ta kai a garinsu. Da farko dariya suka yi ta yi mini. Ga mutum zufa na tsiyaya daga haɓarsa a tsakiyar Jidda, yana tambayar talj, wato dusar ƙanƙara. Amma ashe ba abin da suke son gardama a kai kamar wannan. Kowa garinsa ne ya fi. Ɗan Dimashƙu ya ce tasu ta rufe takalmi ta kwana ɗaya. Ɗan Irbid ya ce su yawanci ruwa suka sha, farin bai daɗe ba. Wani ɗan Zahle mai ƙaton gashin baki ya ce duk su yi shiru, yara ne, a wajensu sai an haƙa hanya kafin a buɗe ƙofa, kuma ya rantse da kabarin ubansa. Shi ban yarda da rabin maganarsa ba, amma ba garinsa ne ya dame ni ba.

Mutanen Amman su ne suka ba ni wahala. Ni a zatona gari ɗaya awo ɗaya ne, kamar yadda in an yi ruwa a Jidda kowa zai ce maka an yi. Sai ga biyu daga cikinsu suna neman kama wuyan juna, wannan ya ce idon sawu, wancan ya ce ƙwauri. Wai garin duwatsu ne, na kan tudu ya fi na kwari samu. Na samo gawayi, duk wanda ya nuna a ƙafarsa sai in je jikin ginshiƙin rumfarmu in ja layi, in sa alamar garinsa. Abokan aikina suka ce Askari ya fara taɓuwa. Cikin mako guda na tara layin Amman har bakwai, kuma ko ɗaya bai kai gwiwa ba.

Wani tsohon direba, wanda ya fi su duka natsuwa, shi ya ƙarasa mini. Ya ce bara Amman ba ta samu da yawa ba, kwana biyu ta narke. Na ce wani ya ce mini ta kai cinya, har ya yi tafiyar wuni bai ga gida ba. Ya yi dariya ya ce a Amman ko makaho ba zai yi taku ɗari bai ci karo da bango ba. Ya ce in dai cinya ce, sai dai a tudun nan na hanyar kudu, kafin Ma'an, inda motoci suka maƙale kwana uku. Na yi masa godiya na tashi da sauri. Rabin farko na maganarsa kawai na ɗauka, don shi nake nema. Na kama maƙaryaci, sai murna nake yi.

Na bari sai ranar Juma'a. Da aka sallame salla na ce masa ya zo mu ɗan zaga, na ja shi inuwar wani bango a bayan masallaci, inda ba mai jin mu. Na jera masa garuruwan tiryan-tiryan, Dimashƙu kaza, Irbid kaza, Amman mutum bakwai. Na ce masa ko ƙanƙarar ƙarya ce, ko Amman ɗin ƙarya ce, kuma ni na fi zaton bai taɓa sanin yayana ba. Na ce ya tattara kayansa kafin magariba, in ba haka ba zan tona shi a gaban Inna. Har yau ina tuna yadda na ji daɗin bakina a lokacin.

Bai musa ba. Ya jingina da bangon, ya sulale ya zauna a ƙasa da fararen kayansa.

"Ƙanƙarar gaskiya ce, ɗan'uwa," ya ce. "Garin ne ba gaskiya ba."

Sai ya faɗa mini. A tudun nan ne kafin Ma'an. Sun ɗauko tuffa za su kawo Jidda, Yaya ne ma ya roƙi mai motar ya ba su wannan lodin don ya zo ya ga gida, bai rubuto ba saboda yana so ya ba mu mamaki. Ƙanƙara ta rufe su a hanya. Da gari ya waye a rana ta biyu abincinsu ya ƙare, sai shi baƙon, da yake ya saba da sanyi, ya ce zai taka zuwa ƙauye ya nemo taimako, Yaya ya zauna a mota. Suna da ɗan murhun gawayi na dafa shayi. Yaya ɗan Jidda ne, bai san sanyi ba, bai kuma san abin da gawayi ke yi a rufaffen wuri ba. Ya hura shi a cikin motar, ya rufe gilasai, ya toshe kafofin da tsumma. Da suka dawo da mutanen ƙauyen washegari, suka same shi a kishingiɗe da bargo kamar mai barci. A ƙauyen suka yi masa sutura.

"Kalma ɗaya ce ban faɗa masa ba," in ji shi. "In ce kada ya rufe gilashi. Na ɗauka kowa ya sani."

Na tambaye shi me ya sa ya yi mana ƙarya. Ya ce wata tara ya yi yana tara ƙarfin zuwa. Da ya tsaya a ƙofarmu ya ce shi abokin aikin Yaya ne, kafin ya ƙara kalma matar Yaya ta rangaɗa guɗa, Inna ta faɗi ta yi sujada. Daga nan bakinsa ya ƙi. Kullum da safe sai ya ce yau zai faɗa.

Na zauna kusa da shi a ƙasan. Da na san abin da ke ƙarƙashin binciken nan, wallahi da na fi so a ce ɓarawo ne. Na yi kuka a bayan masallacin nan kamar ba namiji ba, shi ne ma ya riƙa ba ni haƙuri.

Tare muka shiga gida. Ya ce shi zai faɗa, nauyinsa ne, ya durƙusa a gaban Inna ya faɗa. Inna ba ta yi kururuwa ba, ta yi ta maimaita innalillahi, sannan ta tambaye shi ko an sami mutane a jana'izar. Ya ce duk mazan ƙauyen sun fito. Matar Yaya tana tsaye a bakin madafa da ludayi a hannu, ta ji komai. Ta dube ni, ba shi ba, kamar ni ne zan ce mata ba a tabbatar ba tukuna. Wannan karon ba ni da wata tambaya da ta rage, sai na sunkuyar da kai.

Kashegari kawunta ya iso daga Makka, aka kira malamin unguwa, ana zaman makoki aka tambaye shi batun takaba. Malam ya lissafa da yatsu ya ce daga ranar rasuwa ake ƙirgawa, ba daga ranar da labari ya zo ba. Wata huɗu da kwana goma sun wuce tuntuni, saboda haka babu takaba a kanta, ta fita. Kawun ya ce alhamdulillahi, Allah ya sauƙaƙa mata. Ni aka aika in gaya mata, na tsaya a bakin labule na faɗa.

Sannan na ji muryarta a dushe.

"Askari, kana nufin na gama takabar mijina ina sa lalle ina jiransa?"

Na ce haka malam ya ce.

"To ka gaya wa malam na gode. Ni jiya mijina ya mutu."

Ta miƙo hannu ta gefen labulen, ta zuba mini 'yan kunnenta da awarwaronta a tafi, ta ce in kai wa Inna ta ajiye. Daga ranar ta fara ƙirga kwanakinta, kuma duk gidan ba wanda ya iya ce mata ta bari.