Ruwan Tafki a Robar Man Shafawa

Da can ido da harshe ne ke yanke wa ruwa hukunci. Haka na gani a Agadas, haka a Kumasi, haka kuma a garinmu kusa da Roni. Yanzu kuwa 'yata ta fari, wadda ke aiki a ɗakin bincike a birni, wasu ƙwayoyin halitta take tambaya.

Ta taɓa yi mini bayani. An dasa musu abin da ke sa ƙwaron nan na damina walƙiya. Idan ruwa na ɗauke da wani abu mai kwaikwayon estrojin, sinadarin da ke tafiyar da haihuwa a jikin mace, sai ya manne wa wurin da ke karɓarsa a cikin ƙwayar, ta yi haske, na'ura ta auna.

Maƙwabcina makiyayi ne, tare muka tsufa, da Fulatanci muke hira. Wata shekara shanunsa suka ƙi ɗaukar ciki. Ya zargi tafkin da suke sha, ya fara maganar ƙaura. Na ce ya bari a kai wa yarinyar ruwan tukuna.

Aka kai. Ƙwayoyin suka haska sosai. Da maƙwabcina ya ji sakamakon, ya soma cire turakun shanunsa.

Sai ga 'yata ta zo da kanta, ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baffa, a me aka zuba ruwan nan?"

Matarsa ce ta amsa daga bayan zana. "A robar man shafawata mana. Na wanke ta da sabulu mai ƙamshi, na tace ruwan da mayafina. Ke da muka goya, a aika miki ƙazanta?"

"Goggo, ai ƙazantar nake nema! Man shafawa da sabulu ma kan ɗauke da irin abin da ke sa ƙwayoyin haske. Man shafawarki na auna, ba tafki ba."

"To, ya ci jarrabawar?" in ji tsohuwar.

'Yata ta shiga tafkin har gwiwa, ta cika kwalbar gilashi da ruwa, laka da komai. Wannan karon ƙwayoyin ba su haska ba. Da likitan dabbobi ya zo, ya ce bijimin garken ne ya tsufa.

"Kamar mu ke nan, Alhaji," in ji maƙwabcina.

Ya sauya bijimi, ya mayar da turakunsa. Bai ƙara maganar ƙaura ba, kuma har yau a tafkin nan shanunsa ke sha.