Talo-talon Awara

Shekara uku ina aika wa Hajiyar ɗakin gefe abincin Kirsimeti, shekara uku kajinta ne ke ci. Gidan haya ne a Kwamba, igiyar shanya ɗaya muke amfani da ita, ba abin da ke ɓoyuwa. Ita kuwa duk Babbar Sallah sai ta aiko min da naman layya, in cinye, in je har ɗakinta godiya.

Da na gaji na tambaye ta, sai ta ce, "Malama, kada ki ji haushi. Maganar yanka ce kawai."

To, na ce a raina, bana sai in ga inda za ta fake. Na fasa sayen talo-talo. Na jiƙa waken suya, na kai inji, na tace, na dafa. Ruwan tsamin ma a wurinta na roƙa, don ta zama shaida. Na danne awarar da dutse har ta yi tauri, na yanka ta manya-manya kamar cinya, na soka guntun rake a madadin ƙashi. Na shafe ta da citta, tafarnuwa da yaji, na soya a sabon kasko. Mijina ya leƙo ya ce wannan talo-talon bai taɓa yin kuka ba. Ban yi dariya ba.

Duk a tsakar gida na yi, Hajiya na zaune tana tsince shinkafa tana kallo.

Da kaina na kai mata, a sabon kwano.

"Hajiya, wannan ba wanda ya yanka shi."

"Sannu da ƙoƙari, Malama. Allah ya maimaita mana."

Da la'asar na fito kwashe shanya, na tarar da kajinta suna wawaso a bayan randa. Zakaran na jan guntun rakena. Kwanon yana bakin ƙofata, an wanke shi fes, har yana warin sabulu. Raina ya ɓaci sosai. Ashe ba wuƙar ba ce matsalar, hannuna ne.

Babbar Sallah ta zo, ta aiko da soyayyen nama kamar kullum. Na yi niyyar zuba wa kajin, amma ban iya ba, a gidanmu ba a koya mana wulaƙanta abinci ba. Muka cinye tas.

Kwanon naman dai na ajiye mata shi a bakin ƙofa da maiƙonsa, ban wanke ba. Har muka tashi daga gidan, gaisuwa kawai ke haɗa mu.